Tabarmi a Bangon Ɗakin Inna

Shekarar da yanar ido ta rufe idanun Inna, mahaifiyata, na je Tsibiri na ɗauko ta. Ta yi gardama, na yi gardama, ƙarshe ciwon ƙafa ya raba mu, ta biyo ni Maraɗi da ƙullin kayanta da ɗan rediyonta. Ɗakin da na ware mata shi ne mafi kyau a gidan: bangon siminti mai fenti, ƙasa an shimfiɗa karo, wato tayil, mai santsi, sama kwano da silin da muke kira filafon. Maginin da ya yi shi har yau yana alfahari da shi. Da zan samu dama, da na zaunar da shi a ciki na ce ya saurari labarai ya gaya mini abin da ya ji.

Ɗakin ba ya riƙe magana. Ka yi tari, ya mayar maka da biyu. A ɗakinta na ƙasa na Tsibiri, mai cike da ƙorai da buhunan hatsi, murya takan fito ta tsaya inda aka ajiye ta. A nan kuwa sai ta bugi bango ta dawo ta hau kan ta bayanta. Mu masu ido muna kallon baki mu cike abin da ya ɓace. Inna kunne kawai ya rage mata, shi ma ya fara nauyi.

Ba ta damu da labarai ba, ba ta damu da waƙa ba. Abu ɗaya take jira kullum bayan la'asar: sanarwar rasuwa. Da ita tsofaffinmu suke sanin wa ya rage. A cikin sunayen kuma ɗaya take tsoro, na aminiyarta ta Jiratawa, wadda suka tashi tare tun suna 'yan mata. Sun yi alkawari wadda ta riga tafiya, ɗayar za ta zo ta zuba mata ruwa wurin wankan gawa. Aminiyar ta daɗe a kwance. 'Ya'yanta manoman rani ne, ba su san lambar wayata ba, ni ma ban san tasu ba. Ƙafar Inna ba ta hawa babur, sai na ce ta bari damina ta wuce in nemi mota in kai ta.

Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar ta rungume rediyon a kunne.

"Kai wanga," ta ce, "mutumen ga mi shika hwaɗi? Kamar cikin rijiya shike magana."

Na ce rediyon ne ya tsufa. Na je Sabon Gari na sayo babba mai lasifika biyu. Abin ya ƙara lalacewa, ɗakin ya koma kamar gidan biki. Na koma wurin mai shagon ina huci, ya ce laifin ba na kayansa ba ne, in manna kwalin ƙwai a bango. Na bi masu shayi ina roƙon kwali kamar mai tara shara, na manna har rabin bango. Abin da ya ƙaru shi ne kyankyaso. Uwargidana ta ce ita kam kunya ta hana ta shigar da baƙi gaida Inna.

Waje kuma ba ya zaunuwa. In ba ruwa ba, injin niƙan maƙwabcinmu ne, kuma daidai la'asar yake tashi.

Ruwan sama ne ya nuna mini hanya. Wani yammaci hadari ya taso, uwargida ta kwaso shanya ta rataya a ɗakin Inna, barguna da zannuwa bango zuwa bango. Da ruwan ya ɗauke na shiga na yi sallama, sai Inna ta juyo daidai inda nake tsaye. Tun da ta zo ba ta taɓa yi ba, kullum bango take amsa wa.

Daga nan na shiga aikin, amma a hankali, don kasuwa ba ta barin mutum. Na ɓamɓare kwalayen. Na sayo soson katifa na yanka, na buga shi a bango da ƙusa, na rufe shi da tabarmin kaba. Na shimfiɗa darduma a kan karon da na yi ta taƙama da shi. Na rataya bargo a ƙofa da taga. Kusurwoyi suka ƙi, sai da na sa aka kawo buhunan hatsinta daga Tsibiri na jera a ciki. Kowane abu na ƙara sai in tafa hannu in saurara, yara suna leƙe suna dariya. Ɗakin ya yi duhu, ya yi muni, yana warin kaba. Amma in ka tafa, tafin ya mutu nan take.

Ranar da na gama, na zauna kusa da ita na kunna rediyon. Muryar mai sanarwa ta fito tas, kamar yana zaune a kan tabarmar tare da mu. Inna ta yi murmushi, na ji daɗi har cikin raina. Ya karanta wani mutumin Sabon Gari, ta ce Allah ya jiƙansa. Ya karanta wata yarinya. Sai ya ce iyalan wata baiwar Allah a Jiratawa suna gayyatar 'yan uwa addu'ar arba'in, suna kuma godiya ga duk waɗanda suka ji sanarwar rasuwarta suka halarci jana'iza. Ya faɗi sunan aminiyar Inna har sau biyu.

Na miƙa hannu zan kashe, ta riƙe ni sai da ya kai ƙarshe.

"Ashe an hwaɗa," ta ce. "Nan ciki anka hwaɗa, ina zamne, rediyo shina kunne."

Na ce gobe tun da safe zan nemo mota.

"Ka nemo," ta ce. "Wa yaz zuba mata ruwan?"

Na zauna ina kallon tabarmin da na buga a bango, ina jin kukanta, kowane numfashi daban.