Jidda Ba Tafiyar Kwana Uku Ba Ce

Duk gidanmu an yarda daga Abuja zuwa Jidda kwana uku ne. Ba haka ba ne, kuma na san inda zancen ya samo asali. Ina firamare Baba ya tafi hajji. Muka raka shi tasha a Karshi ranar Talata, bai kira ya ce ya sauka ba sai Juma'a. Ba wanda ya cire kwanakin da ya yi kan tabarma a sansanin alhazai yana jiran jirgi. Shi ma bai cire ba. Har ya rasu, in an tambaye shi cewa yake, "Ai da nisa, kwana uku cur."

Da na gama sakandare na sami aiki a shagon abaya a Wuse. Hajiyar da ke da shagon, Jidda take zuwa sari. In ta tashi da hantsi, kafin mu rufe ta kira tana tambayar wa ya zo, wa bai zo ba. Awa biyar ne da 'yan kai. Kuma suna gaba da mu a lokaci: da azumi takan sha ruwa mu muna fama da ƙishin la'asar.

Bara wani ejan ya ce ya samo wa yayata aikin gida a Jidda. Ta bar 'yarta wurin Umma. Ya hana mu rakiya filin jirgi, wai jami'an tsaro ba sa son taro. A bakin kasuwa ya ɗauke ta, ita da wasu mata biyu.

Kwana ɗaya shiru, na biyu shiru. Na kira shi.

"Oga, ina yayata?"

"Tana hanya, ƙanwata. Saudiyya fa ba Keffi ba ce."

"Jirgin naku tura shi ake yi?"

Ya kashe wayarsa.

Umma ta ce ban da ladabi. "Babanki ma kwana uku ya yi, shi da hukuma ta kai." Kawu ya ce ai jirgi kan yada zango a wata ƙasa. Na ce na ji, amma zangon nan ba waya a cikinsa? Ya ce yaran yanzu da baƙin zato.

Rana ta huɗu, mun idar da la'asar ke nan, kira ya shigo ba lamba. Yaya ce, murya a dushe. Ta ce ta sauka lafiya. Umma sai hamdala take, tana share hawaye. Na karɓe wayar.

"Yaya, kun yi magariba?"

"Wace magariba kuma? Yanzu aka yi la'asar. Ke dai ƙafafuna duk sun kumbura, zaman motar nan..."

Wani namiji ya yi magana a bayanta, layin ya katse.

Ban ce wa Umma komai ba, tana da hawan jini. Na zauna a bakin ƙofa, 'yar Yaya tana wasa da igiyar takalmina. Duk inda uwarta take, la'asar ɗinmu ɗaya, kuma a mota ta je.

A nan na yanke shawara. Da safe ba shago. Zan bi ta kasuwa in nemo dangin matan nan biyu, in kwashe su mu tafi ofishin masu yaƙi da safarar mutane, da lambar ejan da hoton Yaya. In sun ƙi bi na, ni kaɗai zan je.