Sawun Ƙyalle a Fuskar Kwandala

Kafin in lalace, ni maƙerin azurfa ne, ɗan maƙeri. A Kano na tashi, a gidan da ake narka azurfa da tagulla ana ƙera zobba da awarwaro. Ba na sata, ba na shaye-shaye, kuma kowa ya san hannuna yana da kyau a sana'a. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ganin sa'o'ina suna dawowa daga Dubai da manyan akwatuna. A farkon shekarun dubu biyu na sayar da kayan aikina na bi su.

Aikin da na samu a Al Sabkha ɗaurin kaya ne a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje. Ɗaki ɗaya muke kwana da wani Badamagare mai suna Isuhu, mutum mai yawan ibada da ƙarancin magana. In ba ni da lafiya shi yake dafa mini shayi, ya kuma yi aikina ya haɗa da nasa.

A wani lungu na Al Buteen akwai wani tsoho Ba'indiye mai shagon tsofaffin kuɗi. Nakan leƙa in na tashi aiki, don ni ƙarfe yana burge ni. Wata rana na ga wata kwandala ita kaɗai a akwatin gilashi. Fuskar sarkin da ke jikinta ta dushe, ga sawun saƙa a kanta kamar an manna mata ƙyalle. Na ce masa wannan ai lalatacciya ce. Ya yi dariya, ya yi mini bayani: a gidan buga kuɗi, wani lokaci tsumman goge inji yakan faɗa kan ƙarfen, sai injin ya buga hoton ta cikinsa, zaren ya bar sawu. Ma'aikata sukan tsince irinsu su narkar. Wadda ta kuɓuta ta fito, masu tara kuɗin tarihi rububinta suke yi. Da ya faɗi kuɗinta sai da na sake tambayarsa.

Ban fara da niyyar cutar kowa ba. Cewa na yi bari in gwada in ga ko hannuna yana nan. Na sayi tsofaffin sulalla masu arha, na yanki wani ƙyalle mai kauri daga tamfol ɗin da muke rufe kaya, na riƙa zuwa garejin wani makanike lokacin hutun rana ina aron wutarsa da jak ɗinsa. Na ɓata da yawa kafin ɗaya ta fito yadda nake so. Na kai wa tsohon. Ya daɗe yana duba ta da gilashinsa, sannan ya fi daɗewa yana dubana. Ya turo mini ita da yatsa ɗaya ya ce, "Khalas, habibi, ya isa haka. Kada ka sake kawo mini."

Nan ya kamata in tsaya. Amma abin da na fahimta kawai shi ne, sai in nemi wanda ba zai zarge ni ba.

A masallacin Juma'a na san Injiniya Bashir, Bakano ne da ke aiki da wani kamfanin gine-gine. Tun yana ɗalibi yake tara tsofaffin kuɗi. Da ya ji harshena ya ja ni gidansa, maiɗakinsa ta yi mana tuwo da miyar kuka, ya riƙa kirana ƙanensa. A falonsa na fito da kwandalar. Ya karɓa yana jujjuya ta.

"Ƙanena, a ina ka samo wannan?"

Ban shirya amsa ba. Sunan da ya zo bakina shi na faɗa. Na ce kakan Isuhu babban falke ne tun zamanin Faransa, ya bar musu gwangwani cike da irinsu, ni yake ba wa in sayar masa don yana jin kunyar a ce ya sayar da gado.

Ya saya. Bayan wata ya sake sayen biyu. Daga nan na daina yarda da kowa. In Isuhu ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, me ya ƙona maka yatsu?" sai in ce a raina ya gano ni. In na dawo na ga jakata ta ɗan gusa, sai in tabbata ya bincike ta, alhali shara ya yi. Makaniken nan in ya gaishe ni da fara'a sai in ce kasonsa yake nema. Na daina bi ta Al Buteen gaba ɗaya. Ko wayar Injiniya ta shigo, sai na gama sauraron muryarsa ina neman alamar tarko kafin in amsa gaisuwa.

Wata Juma'a ya ce in raka shi da iyalinsa garin Hatta shan iska. Na so in ƙi, na ga ƙin zai fi tona ni. Da muka isa bakin dam ɗin garin, iyalin suka tafi shimfiɗa abinci, ya ja ni gefe ya buɗe hankici. Kwandala biyu ne a ciki, duk daga hannuna: ɗaya ta Indiya, ɗaya ta mulkin Ingila a ƙasarmu, shekaru masu yawa a tsakaninsu. Ya ba ni gilashi ya ce in duba. A kowacce akwai wani ɗan ƙulli a zaren, iri ɗaya, ba bambanci. Ƙyalle ɗaya na yi amfani da shi, ban taɓa lura ba.

Ya ce ya sayar wa wani abokinsa Balarabe guda ɗaya, shi kuma ya kai wa masana suka ce jabu ce. Mutumin ya kai ƙara, an riƙe fasfon Injiniya.

"Ƙanena, in akwai abin da ka sani, faɗa mini nan, daga ni sai kai. Zan mayar wa mutumin haƙƙinsa in roƙe shi ya janye."

Na dubi motocin da ke ajiye. Na ga wani mutum riƙe da kyamara yana fuskantarmu, na ce wannan ɗan sanda ne. Na ga aljihun Injiniya ya ɗan yi tudu, na ce rikoda ce. Sai na ɗaga hannu na rantse da Allah.

"Yaya, ni ma cutata aka yi. Isuhu ne."

Ya naɗe hankicinsa. Ya ce to, mu je mu ci abinci.

A wurin aiki aka kama Isuhu, a gaban jama'a, igiyar ɗaurin kaya a hannunsa. Ya waiwayo yana tambayata da ido me ke faruwa, na sunkuyar da kai. Bai san komai ba, don haka bai iya faɗin komai ba, aka riƙe shi makonni. Da aka bincike ɗakinmu aka samu sauran ƙyallen a jakata. Makanike ya ba da shaida, tsohon mai shago ma ya bayar. A filin jirgi aka cafke ni ina ƙoƙarin guduwa.

A harabar kotu Injiniya ya tsaya kusa da ni. Na tambaye shi ko ranar nan ya zo da 'yan sanda. Ya ce babu kowa, mai kyamarar ɗan yawon buɗe ido ne, abin aljihunsa kuma maganin hawan jini ne. "Da ka faɗa mini gaskiya, da a Hatta maganar ta mutu." Ban sake ganinsa ba.

Na yi shekaru a kurkuku, aka sa ni a jirgi aka ce kada in sake dawowa. An wanke Isuhu, amma aikinsa ya tafi, bizarsa ta mutu. Labarin kamun ya riga shi isa gida, gidan da yake neman aure suka mayar masa da kayansa.

Da na fito, Damagaram na fara zuwa. Na same shi yana gyaran keke a bakin kasuwa. Na durƙusa. Ya ce ya yafe saboda Allah, amma in je in faɗa wa mahaifiyarsa da bakina. Tsohuwar ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ni na san ɗana. Mutanen gari za ka gaya wa." Bayan la'asar na miƙe a ƙofar masallacin unguwarsu na faɗi abin da na yi, babu abin da na rage. Wasu suka tofar da yawu, wasu suka kama gabansu. Isuhu yana tsaye a baya yana share hawaye da hannun riga.

Yanzu na koma maƙera, ina cin halalina, ina neman gafarar Ubangiji. 'Ya'yana da ƙannena, ku ji daga wanda ya gani. Kada ku ce gwadawa kawai za ku yi, ni ma da haka na fara. In kun ga kun soma zargin duk wanda ya kyautata muku, ku binciki kanku, ba su ba. In kuma kun riga kun yi kuskure, wani ya ja ku gefe ya ce ku faɗa masa gaskiya daga ku sai shi, ku faɗa a nan take. Kada ku ambaci sunan wanda bai ji ba bai gani ba.