Ranar da Baba Ya Ga Ƙashin Dainoso

Shekarar da Baba ya zo mana daga Katsina aka cire masa yanar ido, 'yata ba ta da zancen da ya wuce dainoso. Shekararta bakwai, ta haddace sunayensu kamar na 'yan ajinsu. Kullum sai ta baje littafinta a cinyarsa tana zuba masa bayani da Turanci, shi kuma ya ce da Hausa, "Zane ne kawai. Ina aka taɓa yin ƙadangare kamar gidan sama?"

Da idon ya warke, maigidana ya ce ranar Asabar za a raba gardama a gidan tarihi.

Muka ajiye mota a tashar Greenbelt muka hau jirgin ƙasa zuwa cikin Washington. Yarinyar ta kasa zama, tana ta tsalle a kan kujera. Muna shiga gidan tarihin ta kama hannun rigar Baba, ta ja shi cikin jama'a har gaban wani ƙwarangwal mai wuya kamar bishiyar giginya.

Baba ya tsaya cak. Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, har hularsa ta faɗi ta baya, bai ma sani ba.

"Allahu Akbar," ya ce a hankali. Sai ya juyo gare ni. "Ke, ƙashi ne na gaske?"

Na karanta masa allon da ke wurin, cewa wasu na gaske ne, wasu an ƙera su ne don cike gurbi. Ya ce a nuna masa na gasken. Ya zagaya dabbar, ya gwada tsawonsa da ƙashin cinyarta, ya tarar bai kai ba, ya fashe da dariyar da ta sa wasu Turawa waiwayowa. Daga nan shi ne a gaba, mu ke binsa.

Bayan azahar muka koma tashar muka ɗauki motarmu zuwa wani fili a Maryland inda aka taɓa tono irin ƙasusuwan nan. Na zaci zan ga wani abin ƙawa, sai ga tudun yumɓu tsirara, ruwan sama ya zaizaye shi ya yi ƙananan kwazazzabai. Baba ya ce sak bayan garinsu. Matar da ke kula da wurin ta ce ba a tono, da ido ake nema, kuma abu mai muhimmanci a nan ake barinsa.

Baba ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya tsuguna. Ni da na zo kallo, ban san lokacin da na durƙusa cikin taɓo ba. Duk tsakuwar da na ɗaga sai in zaci ƙashi ne. Maigidana ya kai wa matar duwatsu har ta fara yi masa dariya tun daga nesa.

Can sai muka ji ihu daga gefen tudu.

"Kaka! Kaka, zo ka gani!"

'Yata ce, ita da kullum sai Turanci, da Hausa ta faɗa, tar. Ni da maigidana muka kalli juna, amma Baba tuni ya ruga, takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo. A tafin hannunta wani abu ne baƙi kamar gawayi, bai kai ɗan yatsa ba. Matar ta jujjuya shi ta ce ba ƙashi ba ne, guntun itace ne da ya tsiro a zamanin dabbobin.

Yarinyar ta ɗan ɓata fuska. Baba ya ce, "To ai abincinsu kika samo! Wa ya sani ko wancan mai dogon wuyan ya ci ganyensa?" Ta washe baki ta hau rawa.

A hanyar gida duk mun yi dumu-dumu da laka. Baba ya karɓi wayata ya kira matarsa Hajiya a Katsina, yana ba ta labarin haƙori kamar taɓarya. Muna jin ta tana cewa, "Alhaji, ko dai aikin idon ne bai yi ba?" Ya miƙa wa jikarsa wayar ya ce ta ba da shaida.