Mansura da saƙon da ke mutuwa a ƙofar gida

A Agege aka haifi Mansura, jikar tsohon soja, kuma in faɗa ya yi zafi Hausa ta ƙare mata, da Yarbanci take ƙarasawa. Da gyaran waya ta fara a ƙarƙashin lema. Yau ita ke kula da kwamfutocin kamfanin dakon kaya na Alhaji Salissou, mutumin Maraɗi, wanda har gobe tirela kamiyo ce a bakinsa.

Manyan kwamfutoci biyu ke riƙe da bayanan motocin. Aikinsu ke nan aika saƙon "ina nan, kina nan?" wanda ake watsa wa duk 'yan ƙungiya lokaci guda, kamar sanarwar masallaci. Suna ɗaki ɗaya, lafiya lau. Sai Alhaji ya buɗe reshe a Ikorodu, aka kai ɗaya can. Shi ke nan, kowace ta ɗauka 'yar'uwarta ta rasu.

"Hajiya, ba matsala," in ji Alhaji. "Ki riƙa kai bayanan a filashi kowace safiya."

"Ta Oshodi? A bas ɗin danfo? Da goyo, Alhaji?"

"Ai iska za ki sha."

Ta san in aka fara haka, sai dai ta ajiye aikin.

Ta zauna ta bi sawun saƙon. Ashe kowane saƙo da guzurinsa, wata lamba da ake kira TTL. Duk rauta, wato na'urar da ke miƙa shi gaba, sai ta cire ɗaya, in ya koma sifili ta yar da shi. Nasu ɗaya tal aka ba shi, a ƙofar gida yake mutuwa. Ta kira Haggai mai kula da layin, ya ce rautoci uku ne a hanya, kuma duk suna barin irin saƙon ya wuce. Ta mai da lambar uku. Shiru.

Alhaji ya leƙo. "A cika masa mana! Rowa za mu yi wa saƙo?"

"In na cika, yawo zai tafi inda ba a aike shi ba."

Ta yi tagumi, can ta kwashe da dariya. Ashe rauta ta ukun ce ke cinye ragowar, ta yar da shi yana hangen Ikorodu.

"Alhaji, cif-cif na auna masa. Ko mai tumatir ai tana ba da gyara."

Ta sa huɗu. Kafin ta sauke goyo, kwamfutocin sun gaisa.

Alhaji ya gyara hula. "To madalla. Saura reshen Mile 2."

"Bari yarinyar nan ta sha nono tukuna," in ji Mansura.