Mai Cewa Na'am

Ni ɗinkin babbar riga na sani, boko kuwa ban wuce firamare ba. Amma a shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu, sai da na zauna ajin jami'a, a saman soron gidanmu a Kwarbai.

Taubashina ne sila. Malamin jami'a ne, ilimin ƙasa yake koyarwa, a kan aikin ya yi furfura. Aka ce musu kowa ya koyar daga gida ta intanet. An nuna musu inda za su danna, ya kuma iya dannawa. Gidansa na Tukur-Tukur sabis ba ya zama, sai ya ɗauko kwamfutarsa ya hau soronmu.

Ranar farko ina zaure na ji ya fara magana, ya tsaya, ya sake farawa, sai shiru. Can ya sauko, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Dakta, yaran sun kore ka ne?"

"Ina ma korata suka yi. Sunaye ne kawai a kan baƙin allo. Kowa ya rufe fuska ya rufe baki, wai kada data ya ƙare. Ban sani ba ko da mutane nake magana ko da aljanu. In haka za a tafi, wallahi ajiye aikin zan yi."

Na san ba wasa yake ba. A zauren kakanmu muka tashi, inda malami ba ya ƙara kalma sai ɗalibi ya ce na'am. Ashe ko a jami'a da gyaɗa kan yara yake tafiya. Wannan babu wanda ya nuna masa inda ake danna shi.

"Gobe ka hau ka zauna gabana," in ji shi. "Ba sai ka gane ba, dama ban sa rai ba."

"Yau bawa ke aiken ubangidansa?"

"Tashi dai, sarkin gyangyaɗi."

Haka na koma hawa da ɗinkina. Nakan zauna bayan kwamfutar, ya dube ni ya yi ta Turanci, duk inda ya ja numfashi in ce na'am. Muryarsa ta dawo daidai. Wani lokacin yakan juya zuwa Hausa, ya ce don yara ne, amma ni yake kallo.

Lokacin rimi na zubar da auduga ne, tana yawo a iska ba gaggawa. Shi kuma yana bayanin teku. Wai a cikinsa akwai koguna masu tafiya ba gaɓa, wani ɗumi wani sanyi. Ni da ban san ruwan da ya fi kogin Galma ba. Sai in ga rufin gidaje har Ƙofar Gayan sun fara lilo a hankali, kamar gari ya kwance daga ƙasa ya bi ruwa, tattabaru suna iyo ta samanmu, allura tana shiga tana fita ban san ni ke tura ta ba.

Wata rana da hantsi ruwan ya tafi da ni nesa. Dakta ya ja numfashi, ban amsa ba. Shirun ne ya farkar da ni, na ga ya fara lalube kamar ranar farko. Kafin in buɗe baki, wata siririyar murya ta fito daga kwamfutar, ta yarinya, da kukan akuya a bayanta.

"Na'am, Malam."

Wani namiji ya bi ta, sannan wani. Ashe duk kwanakin nan suna ji na.

Dakta ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ci gaba da karatu. Da aka tashi ya ce mini, "To, an sallame ka, je ka yi barcinka a ƙasa."

Bai ajiye aikin ba, har yau yana koyarwa. Ni ma ban daina hawa ba sai da aka buɗe makarantu. Nakan zauna can gefe da ɗinkina, bakina rufe, shi kuma bai taɓa tambayata me nake nema ba.