Tasar Ruwa a Kan Motar Baba Sylvanus

"Ba motar ce ta karkace ba, idonki ne," in ji Baba Sylvanus daga cikin rami. Ba a ganinsa, muryarsa ce kawai ke fitowa daga ƙarƙashin ƙarfe.

"To tasar fa, Baban Eunice? Ita ma idonta ya tsufa?"

Matarsa, Mama Rhoda, tana tsaye da zani ɗaure a ƙirji, tana kallon tasar ruwan da ta ɗora a kan rufin motar. Kullum da safe haka take yi tun farkon damina. Da can ruwan yakan tsaya daidai. Yanzu ya taru a gefe ɗaya, yana lasar baki. Ya ce mata ta kwashe kayan girkinta daga kan motar mutane, ta ce ranar da motar ta zama ta mutane za ta kwashe.

A daminar 1985 ke nan, a gidansu da ke Makera, inda nake haya a ɗakin bakin ƙofa. Yawancin abin da na sani game da shi a bakin ramin nan na ji, don shi mutum ne da ba ya iya hira sai hannunsa na riƙe da sifana.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna a jirgin ƙasa, yana saurayi, da akwatin kwano da takalmi ɗaya. Ya sami aikin shara a wata masaƙa a Kakuri, daga nan ya koyi gyaran injin saƙa. Injin ya cinye masa yatsu biyu na hagu, kuma yakan ce bai ji haushi ba, kuɗin makaranta ne ya biya. Wani injiniya Bature da suka yi aiki tare yana da motar Amurka mai ƙofa biyu, mai dogon hanci, injinta silinda takwas. In ta taso daga ƙofar masaƙa sai an ji ta a Trikania. Da Baturen zai koma ƙasarsu motar ta riga ta mutu, ya bar wa Baba Sylvanus ita. Da jakuna da majiya ƙarfi aka jawo ta gida. Ta yi shekaru a tsakar gida, kaji na ƙwai a kujerar baya, tsatsa ta cinye ƙasanta har ana hango ciyawa ta wurin taka birki. Bonat ɗinta a buɗe yake kullum kamar baki, shi ya sa yaran unguwa suka sa mata suna Kada.

Da aka rage ma'aikata, sunansa ya fito. Mama Rhoda ta ce mini watannin farko ba ya magana, ba ya zuwa coci, sai ya zauna yana kallon bango. Ranar da aka zo tambayar auren 'yarsu Eunice, aka sa biki bayan Kirsimeti, ya miƙe a gaban baƙi ya ce a Kada zai kai amarya coci. Aka yi dariya. Washegari ya sayo samfefa.

Ya yi aiki, gaskiya. Ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Ya yanko bangon tsofaffin durom, shi da abokinsa Mamman mai walda suka liƙe ƙasan motar tsaf, faci bisa faci, watanni suna yi. Ya cire tayoyin huɗu, ya ɗora motar a kan bulo, sannan ya haƙa rami a ƙarƙashinta yadda zai tsaya a ciki ya yi aiki. Ya gwada wurare a tsakar gidan, duk marmara ce mai karya diga, sai wuri ɗaya kusa da bishiyar gwaiba inda ƙasa take da taushi. Ya ce Allah ne ya sauƙaƙa masa.

Mama Rhoda ta san dalilin taushin. Nan tsohuwar rijiyar gidan take. Da aka jawo famfo unguwar, mai gidan na da ya ce a cike ta kamar yadda kowa ke yi, da shara da toka da fasassun tukwane. Ita da hannunta ta yi shekaru tana zuba shara a ciki, lokacin shi yana masaƙa daga safe har dare. Daga baya aka rufe da jar ƙasa, ciyawa ta fito, aka manta. Ramin nasa a gefen rijiyar yake, bulon da ke riƙe da bayan motar na hagu kuma a kan bakinta daidai. Ta faɗa masa tun ranar farko. Ya taka wurin, ya yi tsalle a kai, ya ce ga shi nan, ƙasa ce kamar kowace ƙasa.

Ranar da suka yi musun tasa, ya fito cin abinci ya zauna kusa da ni. Ya ce shi ma yana jin motar, wani lokaci tana ɗan ƙara a kansa kamar tsohuwar ƙofa. Amma giyabos, wato akwatin giya, kawai ya rage ya sauke, daga nan ba shi da sauran aiki a ƙasa. Na tambaye shi me zai hana a mayar da tayoyin a tura ta gaba. Ya ce sai an shiga ramin an kafa jak tukuna, kuma in an shiga ɗin ai gara a gama. Da na yi maganar a ja ta da sarƙa daga waje, sai ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Ba taya, in aka ja ta za ta faɗo daga kan bulo, cikinta ya goge ƙasa, duk facin ya yage.

Sai marka ta sauka. Ruwa ya yi kwanaki ba ya ɗaukewa, ba mai ƙarfi ba, irin mai shiga ƙasa. Ya rufe motar da tamfol, yana kwashe ruwan ramin da bokiti. Wata safiya ciyawar gindin gwaiba ta lotsa kamar an zauna a kai.

Ranar da gari ya washe ya sa rigar aikinsa. Mama Rhoda ta ɗora tasarta, ta zuba ruwa kamar kullum. Ba wanda ya taɓa ta. Ruwan ya gangaro ta gefe, ya bi gilashin baya yana ɗiga, sannan tasar da kanta ta ja jiki a hankali, ta faɗo ƙasa. Mun duba bulon baya. Na ƙasa ya nutse rabi, na samansa ya tsage.

Baba Sylvanus ya ɗauki sifanarsa ya nufi matakalar ramin. Kafin ya kai, Mama Rhoda ta sauka ta zauna a mataki na biyu, kanta a ƙarƙashin motar, ta harɗe hannuwa.

"Tashi, Maman Eunice."

"Ka ce ba ta karkace ba. To bari in sha inuwa."

Ya kira sunanta na yanka, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Ba ta motsa ba. Daga can baya motar ta yi wannan ƙarar da ya ba ni labari, siririya, doguwa, ƙasa ta zubo cikin ruwan ramin. Ya tsaya yana kallon facin da ke saman kanta, inda waldar Mamman ke ƙyalli. Ya daɗe.

"Fito. Wurin Mamman zan je."

"Jak za ka karɓo ko sarƙa?"

"Sarƙa."

Sai da ya ajiye sifanar a kan dakali sannan ta fito. Ya ce mini in hana yaran maƙwabta shigowa, kada kowa ya matsa kusa da gwaibar. Ya ce wa matarsa ta aika wa Eunice cewa a nemi motar haya. Bai sake duban Kada ba. Ya ɗauki hularsa, ya naɗe ƙafar wando saboda taɓo, ya kama hanyar Kakuri, inda Mamman yake.