Na Yafe Abin Da Ba Nawa Ba Ne

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, a wani ƙauye da ke arewacin Kano, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin dangar wani. Lokacin da abin nan ya faru, shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana. Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, mutane kuma suna yabona da haƙuri, ni ma har na ɗauki yabon nan kamar wata dukiya. Ɗana na fari, wanda ko sunansa ban taɓa kira ba saboda kunya, shi ke nome mana 'yar gonar da aka bari, a shekarun da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka.

Wata Laraba gab da damina, ya turo baro cike da taki zai tsallaka titi, motar 'yan sanda ta kwashe shi. Irin motocin nan ne da ƙaramar hukuma ta saya musu don sintiri. Ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu. Ɗan sandan da ke tuƙa ta bai gudu ba, ba zan ɓoye wannan ba. Shi ya kai shi asibiti, washegari kuma ya zo da mai unguwa, ya durƙusa a soro yana rantsuwa birki ne ya ƙi, yana da iyali, in magana ta yi nisa korarsa za a yi.

Ƙanin maigidana ya ce a dakata a tambayi takardun motar, don ya ji ana cewa tana da inshora. Mai unguwa ya ce a ji ta bakin uwar yaro. A garinmu, uwar da ta tsaya jayayya a kan ɗan fari, cewa ake ba ta da kara. Na sunkuyar da kai na ce ƙaddara ce, na yafe. Ƙanin nan ya roƙe ni in bari yaron ya farfaɗo a ji ta bakinsa, na ce ba sai an tambaye shi ba. Aka kawo takarda da Turanci, na sa hannu. Matan gida suka yi ta cewa haka uwa take.

Likita ya ce sai an yi aiki a birni an sa ƙarfe. Ba mu da hali, muka kai shi wurin mai ɗori. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari, ƙarshe aka yanke ta. Sai bayan kaka wata 'yar ajinmu da mijinta ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ta shaida mini motar tana da inshora kuwa, kuma amfaninta ke nan: in an buge mutum, kamfani ne ke biyan magani, ba ɗan sandan ba. Muka je sakatariya, aka ce mu je caji ofis. A can aka ɗauko takardar nan, aka nuna mini rubutuna, aka ce an sasanta tun tuni.

Yaron bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Yana gindin darbejiya yana gyaran takalma, wani ke nome gonar. Sau ɗaya na ji yana gaya wa ƙanwarsa Inna ta yi abin da aka san ta da shi ne. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

'Yan uwana mata, yafiya abu ce mai kyau, amma a yafe abin da yake naka. Ƙafar nan ba tawa ba ce. In motar hukuma ta taɓa naku, ku tambayi inshorarta, ku bari mai ciwo ya yi magana, kada ku sa hannu a kan abin da ba a karanta muku ba. Ni dai kullum ina shirin neman gafararsa, in na kai masa tuwo sai in ajiye in juya.